Rautar da Ta Cika Mini Dakali

Shekarar da na shiga karatun digiri na biyu na riga na haura arba'in, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Jega. Karatun irin na nesa ne, ba a zuwa aji sai lokacin jarrabawa. Lacca ta waya ake yi: malami yana can wani gari yana magana, mu kuma kowa yana gidansa yana kallonsa. Matsalata guda ce, gidana a cikin kwari yake, sabis ba ya shiga ɗakina sai ka ce an yi masa iyaka da shi. In an fara lacca sai in fito tsakar gida in ɗaga waya sama ina zagaye kamar mai neman ganin wata. Malamin yakan daskare baki buɗe, ya jima a haka, kafin ya motsa ya riga ya wuce babi guda.

Wani abokin aikina ne ya ce in sayi rauta. Ya ce wata 'yar na'ura ce mai ƙahoni, ana sa mata layi, ta jawo sabis daga nesa ta watsa shi cikin gida, kowace waya ta kama ba tare da an jona komai ba. Na tafi Birnin Kebbi na saya. Mai shagon ya haɗa mini ita a gabana, ya tambaye ni sunan da zai sa mata. Na ce ya rubuta Gidan Malam. Daga nan ya nuna mini wasu haruffa da lambobi a cakuɗe, ya ce lambar sirri ce, duk wayar da za ta shiga sai an buga mata su. Na duba na ga abin ya yi tsawo, ga babban baƙi ga ƙarami, na ce ya cire ta gaba ɗaya, daga ni sai iyalina a gidan, ba wanda zan ɓoye wa komai.

Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan abu kamar iska yake, bai san katanga ba."

Na ce masa ni malamin labarin ƙasa ne, ba shi zai koya mini halin iska ba. Ya cire, ya sa mini ita a kwali.

Wuni guda na yi ina neman inda za ta zauna. Na sa ta a ɗakina, fitilarta ta yi ja. Na kai ta ɗakin uwargida, ta yi ja. Na ɗora ta kan rumbu, ta yi kore na ɗan lokaci, kaji suka fara sha'awarta. A ƙarshe wurin da ta yarda da shi shi ne tagar zaure, can sama, mai kallon titi. Na kira kafinta ya buga mata ɗan katako, na ja mata wuta daga batirin sola don kada ta mutu in an ɗauke wuta. Ran nan na kalli lacca daga farko har ƙarshe ina kishingiɗe, har na ga ashe malamin namu yana da gibi.

A ƙofar gidana akwai dakali. Shekara da shekaru mutum biyu ne ke zama da ni a kansa bayan la'asar: telan da shagonsa ke kallon gidana, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, wanda yawanci gyangyaɗi yake yi. Ban cika mako biyu da kafa rauta ba sai na ga dakali ya fara cika. Da farko masu facin babur na bakin titi ne suka riƙa tsallakowa. Sai mai kanti, sai wasu malaman firamare biyu. Mai shayi ya jawo teburinsa ya dawo gindin katangata, ya ce wai inuwar nan ta fi, alhali a lokacin rana take dukan wurin sosai. Mai unguwa da kansa, wanda da sai dai mu gaisa a masallaci, ya fara aiko wa a ajiye masa kujera.

Wanda zuwansa ya fi faranta mini rai shi ne maƙwabcina na yamma, wani dillalin hatsi. Mutum ne mai tsananin ra'ayi. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa intanet igiyar shaiɗan ce, kuma duk gidan da ta shiga albarka ta fita. Da na ga ya fara zama a ƙarshen dakalina, yana jingine da bango, hannunsa cikin babbar riga, sai na ce a raina lallai ilimi yana da kwarjini.

Abin da na ɗauka ke nan, kuma ba zan ɓoye ba. Na ɗauka labarin digirina ne ya bazu, mutane suka gane akwai masani a unguwa. Na fara shirya abin da zan faɗa tun daga makaranta. Yau in yi bayanin dalilin da ya sa gulbi ke cika ya shanye fadama, gobe in yi na yadda ƙasa ke juyawa. Kowa kansa a sunkuye, in na kai gaɓa sai in ji an ce, "Haka ne, Malam." Na ɗauki sunkuyar da kan nan ladabi ne. Na sayi sababbin tabarmi biyu, na ce uwargida ta riƙa aiko da zoɓo mai sanyi.

Datar da na saya ta wata guda ta ƙare a kwana tara. Na je shagon masu layin na yi musu tas, na ce suna zuƙe wa talaka jini. Matar da ke wurin ta duba ta ce an yi amfani da ita ne, ba wanda ya zuƙe. Na sake sayen wata, ita ma ba ta yi ƙarko ba. Sai na juya kan uwargida, na ce kallon girke-girke da ɗinkunan da take yi ne ya jawo mana. Tana tankaɗe a lokacin, ba ta ko ɗago ba, ta ce in je in leƙa dakalina. Na ce me dakalina ya yi. Ta ce jiya tana jina ta taga ina bayanin girgizar ƙasa da yadda gidaje ke rushewa kan mutane, tela yana ta ƙyalƙyala dariya, ita dai ba ta san abin dariya a ciki ba.

Na ce mata tela mutum ne mai fara'a. Amma maganar ta zauna mini.

Abin da ya karya ni ya faru wata Asabar da hantsi. Ranar ce zan gabatar da takardata a gaban malamai uku da 'yan ajinmu. Na sa babbar riga da hula, na zauna a zaure na jingina waya da littattafai. Na yi sallama, na faɗi taken takarda, ina shiga gabatarwa hoto ya tsaya. Na jira, na kashe na kunna, ba labari. Cikin wannan hali sai na ji wata murya daga waje, ta bayan tagar, ana cewa, "Yau kuma abin Malam ba ya ja." Wani ya amsa masa da cewa ai tun safe yake wahalar da mutane, ya kamata a yi masa magana.

Na leƙa. Mutum bakwai ne a gindin katanga, a ranar da ba majalisa, a lokacin da ba na bayanin komai. Da suka gan ni suka gaishe ni da fara'a, mai kanti har yana tambayata ko lafiya na sha ado haka.

Washegari na hau mota zuwa Aliero. Ƙanwata tana aure a can, kuma tana aiki a sashen kwamfuta na jami'a. Lokacin cirar albasa ne, tun daga bakin gari warinta ke tarbar mutum, buhuna jibge a gefen titi, manyan motoci suna lodi. Na same ta a gida tana taya mijinta ware wadda za a adana da wadda za a kai kasuwa. Na ba ta labari tun daga shagon Birnin Kebbi, sai dai na tsallake zancen tabarmi da zoɓo. Ta saurara har na gama, ta tambaye ni lambar sirrin da na sa. Na ce babu. Ta tambayi lambar shiga cikin rautar kanta, wadda ake canza saiti da ita. Na ce ban san akwai wata ba. Sai ta ce za ta zo ranar kasuwar Jega.

Ta zo da kwamfutarta, ta zauna a zaure ta buɗe wani shafi da ban taɓa sanin rautata tana da shi ba. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta ce, "Yaya, ga baƙinka."

Jerin wayoyi ne, ya cika shafi har ya gangara. Namu na gida uku ne kawai a ciki. Wasu ba a gane masu su, amma da yawa sun sa wa wayoyinsu laƙabin da duk unguwa ta san su da shi. Na ga tela, na ga mai shayi, na ga mai unguwa da waya biyu. Ta danna wani wuri jerin ya sake tsari, wanda ya fi kowa sha ya hau sama. Maƙwabcina ne dillalin hatsi. Shi kaɗai ya sha fiye da ni da uwargida a haɗe. Sai a lokacin na gane abin da hannunsa ke yi cikin babbar riga, na kuma tuna cewa ɗakin kwanansa bango ɗaya ne da zaurena.

Ƙanwata ta ce data ƙaramin abu ce. Ta ce yadda na bar rautar a buɗe, duk wanda ya ɗan san kan abin zai iya shiga saitinta ya canza komai ya kore ni daga kayana, ko ya yi wata ɓarna da layina a zo a kama ni. Ta fara da lambar shiga saiti, ta cire wadda aka zo da ita daga kamfani, wadda ta ce kowa ya santa. Ta goge sunan Gidan Malam ta sa wani da ba ya nuna gidan kowa. Ta kunna makullin da ta ce shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda rautar ke da su. Sannan ta ce in zaɓi lambar sirri. Na faɗi shekarar haihuwata, ta ce a'a. Na faɗi lambar wayata, ta ce ai tana rubuce a allon tela. Na faɗi sunan ɗiyata ta fari, ta ce ko akuyar unguwa ta san shi. A ƙarshe ta sa na haɗa kalmomi huɗu da ba ruwan ɗaya da ɗaya, da lambobi a tsakaninsu. Ta ce kada in faɗa wa kowa, in kuma ya zama dole, in karɓi wayar mutum in buga da hannuna.

Da la'asar na fito na zauna kamar kullum. Jama'a suka taru, aka gaisa, kowa ya zaro waya. Na ga ana ta dangwala, ana ɗagawa sama, ana kallon taga. Ba wanda ya yi ƙorafi, don ba wanda ya taɓa faɗa cewa yana sha, balle ya ce an hana shi. Na fara bayanin yadda ƙanƙara ke haɗuwa a cikin gajimare. A karon farko duk idanu suna kaina, kuma ban taɓa ganin idanu marasa sha'awar ƙanƙara irin waɗannan ba. Kafin a kira magariba kowa ya tuna da wani uzuri.

Cikin kwana uku dakali ya koma ni da dattijon gandun daji. Tela ma ya ce aiki ya yi masa yawa. Mai shayi ya gano cewa inuwar da ya baro ta fi. A masallaci ana ba ni hannu da yatsu uku. Uwargida ta dawo daga wani suna ta ce mata suna ta yi mata jaje, wai sun ji boko ya sa mijinta ya fara kulle iska. Maƙwabcina dillali kuwa ya koma wa'azinsa da sabon ƙarfi, sai dai yanzu ya ƙara babi: ya ce abin da ya fi intanet muni shi ne rowa.

Ana cikin haka kawuna ya zo daga Karaye, can ƙasar Maiyama. Ƙanen mahaifiyata ne, malamin allo ne kuma manomi, shi ya yi mini walicci, kuma a danginmu in ya yi magana ta zauna. Asibiti ya zo a duba masa ido, zai kwana biyu a wurina. Ban san yadda aka yi ba, kafin ya gama hutawa mai unguwa ya riga ya zo gaishe shi, da dillali, da tela. Na fito da ruwa na tarar an kai ƙarata.

Kawu ya sa na zauna. Ya tambaye ni shin wanga abu yana ƙarewa in an sha, ko kuwa kamar hasken fitila ne da maƙwabci zai gani da shi ba a rage ka da komai ba. Na ce yana ƙarewa, saye nake yi. Ya gyaɗa kai ya juya wurinsu, ya ce to ai ba iska ba ce, hatsi ne, kuma wanda ya ɗebi hatsin mutum ba da izni ba ya san sunan abin da ya yi. Dillali ya sunkuyar da kai. Sai Kawu ya juyo kaina ya ce amma kuma wanda ya bar rumbunsa a buɗe a bakin hanya har kaji suka saba, in ya tashi rufewa sai ya yi da dabara, don maƙwabci yana da haƙƙi ko da ya yi laifi. Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ban gane wanda ya ci shari'ar ba, su ma na ga alamar ba su gane ba.

Daga nan ya laluba aljihu ya fito da wata waya sabuwa fil, wadda ɗansa da ke aiki a Legas ya aiko masa. Ya ce, "To ɗana, sa mini abin nan in ga jikokina. An ce ana ganin mutum shina magana."

Na miƙa hannu in karɓa, kamar yadda ƙanwata ta koya mini. Sai ya miƙa wa mai unguwa, ya ce shi ne kusa, kuma ni ban sa tabarau ba, in faɗa masa kawai ya buga. Na ce Kawu ai ba wuya, in karɓa. Ya ce, "Mi ad da wuya ga faɗi? Ko akwai wanda kake jin tsoro nan?"

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ba a cewa da kawu e a wannan wuri. Na faɗi kalmomin nan huɗu da lambobinsu, ɗaya bayan ɗaya, a gaban mai unguwa da tela da dillali. Mai unguwa ya ce bai ji ta uku ba, na maimaita. Tela yana motsa leɓɓa kamar mai hadda. Kawu ya ga jikokinsa, ya yi ta dariya yana tambayarsu ko suna karatu, ya sa mini albarka.

Washegari dakali ya cika har ƙasa. Mai shayi ya dawo da teburinsa. Na kuma ga fuskokin da ban taɓa gani ba, don ashe wayoyin yanzu suna iya miƙa wa juna lambar ta hanyar wani ɗan zane da ake ɗauka a hoto, ba sai an furta ba.

Na buga wa ƙanwata waya. Ta yi dariya har sai da na ji mijinta yana tambaya ko lafiya. Da ta sake zuwa ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta gane rautar ba ta da laifi, bakina ne ba ya kulluwa, don haka za ta yi aiki da abin da ke akwai. Ta raba sabis ɗin gida biyu. Ɗaya na baƙi, mai lamba mai sauƙi wadda zan iya faɗa wa duk wanda na ji kunyarsa, amma ta rage masa gudu, ta kuma sa shi ya riƙa buɗewa daga la'asar zuwa magariba kawai. Ɗayan na gida, ta ɓoye sunansa yadda ba ya fitowa a wayar kowa, ta kuma yi masa rajistar wayoyinmu uku, ko mutum ya san lambar ba zai shiga ba.

Haka muka zauna. Na sake gabatar da takardata bayan wata guda, ba abin da ya tsaya. Majalisa ta ci gaba, ba ta kai ta da ba amma ba ta mutu ba. Na daina shirya darasi, na koma sauraro, a nan na gane tela ya fi ni iya ba da labari nesa ba kusa ba. Sai dai yanzu tunda shan ya zama da izni, ƙorafi ma ya zama da izni. Mai kanti yakan tare ni a hanya ya ce jiya abin bai yi gudu ba, in duba. Wani mutum ya taɓa zuwa daga wata unguwa ya yi sallama da ni, ya ce an ce a nan ake samu, amma ya zo da hantsi ya tarar a rufe, shin ba za a ƙara lokaci ba saboda masu aikin yamma. Dillali bai taɓa tambayata lambar baƙi ba, kuma bai taɓa rasa ta ba.

Sai da aka kwana biyu na lura ban san sabuwar lambar gida ba, balle ta shiga saiti. Ƙanwata da hannunta ta buga a wayata. Na kira ta na ce ta manta ba ta ba ni ba. Ta ce ba ta manta ba, ta ba matata, ta rubuta mata a takarda.

Na shiga ciki na tarar da uwargida tana yankan kuɓewa. Na ce ta ba ni lambar nan in adana. Ta tambaye ni ko wayata ta daina kamawa. Na ce tana kamawa. Ta ce to me zan yi da ita. Sannan ta ce in miƙo mata murfin tukunya yana bayana. Na miƙa mata, na fita, don an kusa kiran la'asar kuma ban shimfiɗa tabarmi ba.